Tsoho Tom Morris: Ɗan masaƙin da dattawan golf ke taka aikinsa har yau

Kai da ke kwana a shafukan wasanni na Facebook da TikTok, ka san yadda muke yi wa ɗan ƙwallo da zarar ya haura shekara 33. Sai ka ga an taso masa: ai wane ya ƙare, ƙafa ta mutu, ya tafi Saudiyya ya ci kuɗin sallama kawai. To, akwai wata gasa da ake yi duk shekara a Birtaniya wadda ba a ma karɓar sunanka sai ka cika shekara 50 cif. Sunanta Senior Open, gasar dattawan ƙwararru ce a wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu.

An fara ta a 1987 a filin Turnberry da ke Sikotland, kuma Neil Coles na Ingila ne ya fara ɗaukar kofin. Daga 2003 aka sa ta a jerin manyan gasannin dattawa da ake ji da su a duniya. Gary Player na Afirka ta Kudu ya ci sau uku, Tom Watson na Amurka sau uku, Bernhard Langer na Jamus sau huɗu. Mafi yawan lokuta ana buga ta ne a wani irin fili na bakin teku da ake ce wa links. Idan kuwa ka bi sawun waɗannan filaye, ka bi, ka bi, sai ka tsinci kanka a ƙofar mutum ɗaya da ya rasu tun 1908. Shi ne Tom Morris, wanda duniya ta fi sani da Old Tom, wato Tsoho Tom.

Labarinsa zan ba ka yau. Kada ka ce golf wasan masu kuɗi ne ka wuce abinka, domin mutumin nan yaron shago ne, kuma an taɓa korarsa daga aiki.

Wasan da filin

Bari mu fara da wasan, don kada in bar ka a duhu. Ƙwallo ce 'yar ƙarama, ana bugun ta da sanda daga nesa har ta faɗa wani ɗan rami da faɗinsa bai kai santimita 11 ba. Cikakken fili ramuka 18 gare shi. Duk bugun da ka yi ana ƙirgawa, kuma wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Ka ga ke nan a nan yawa ba alheri ba ne.

Shi kuma links fa? Duk ɗan Zoza ko Ƙaraye da ya taɓa riƙe fartanya ya san bambancin fadama da jigawa. To links jigawa ce ta bakin teku, wadda ke tsakanin ruwa da gonaki. Mu namu jigawar tana ba da gero da gyaɗa, amma tasu yashi ne da gishirin teku, ba ta nomuwa, sai tumaki da zomaye ke kiwo a cikinta. Ba itatuwa, ƙasa ta yi tauri, ga tuddan yashi, ga iska mai kaɗawa daga teku ba dare ba rana. A irin wannan ƙasar da manoma suka raina ne mutanen Sikotland suka raini wasan golf.

A irin wannan fili ƙarfi kaɗai ba ya kai ka. Idan ka ɗaga ƙwallo sama, iska ta kwashe ta ta jefa maka a ramin yashi ko cikin ƙaya. Sai wanda ya san yadda zai bi da ita ƙasa-ƙasa, ta gangara da kanta, ya karanci iska, ya danne zuciyarsa. Shi ya sa dattijo ke iya kunyata yaro mai jini a jika a nan. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Yaron shagon Allan Robertson

An haifi Tom ranar 16 ga Yuni, 1821, a garin St Andrews da ke gabashin Sikotland. Idan kana son ka gane nisan lokacin, a Kano Sarki Ibrahim Dabo ne ke kan gado. Mahaifinsa masaƙi ne mai saƙar hannu, kuma bisa al'ada da saƙa zai gada. Sai dai garin nasu gari ne da yara ke tashi da sanda a hannu, suna bugun duk abin da ya yi kama da ƙwallo a kan titi, suna ɗaukar wa masu hali sanduna a fili don samun 'yan kuɗi.

Yana matashi aka kai shi koyon sana'a shagon Allan Robertson, wanda a lokacin babu kamarsa a wasan, kuma shi ne babban mai haɗa ƙwallo a garin. Ƙwallon wancan zamani aikin dukanci ce sosai. Za a ɗinka 'yar jakar fata, a dafa gashin tsuntsu mai yawan da zai cika doguwar hular Bature, a yi ta cusa shi ciki da ƙarfin ƙirji har ya shige duka, a ɗinke. Idan ta bushe sai fatar ta tsuke, gashin ya kumbura, ta yi tauri. Ƙwararre ma uku ko huɗu yake iya haɗawa a yini. Ga tsada, ga rashin ƙarko, da ta sha ruwa ta lalace. Shi ya sa wasan ya fi ƙarfin talaka.

Ka lura da matsayin irin su Tom a wancan lokacin. Ɗan wasan da ke cin abinci da golf ba a ɗauke shi a bakin komai ba, bara ne kawai. Masu kuɗi su ne 'yan kulob, su ke zuba kuɗin caca a kan wasan, kamar yadda wani attajiri ke tsaya wa ɗan dambensa. Ƙwararren zai buga, ya ci musu kuɗi, a ba shi ɗan abin da aka ba shi, amma ba ya shiga zauren kulob ya zauna da su. A haka Tom da maigidansa suka zama abokan wasa da ake tsoro. A 1849 sun kara da 'yan biyun nan, Willie da Jamie Dunn, a kan fam 400, kuɗin da lebura ba ya tarawa a shekara goma, kuma suka ci.

Ƙwallon da ta raba shi da maigidansa

Wajen 1848 sai ga sabuwar ƙwallo ta shigo. Da ƙaron wata itaciya ta yankin Malesiya ake yin ta, ana kiran ƙaron gutta-percha. A jiƙa shi a ruwan zafi ya yi laushi, a mulmula, shi ke nan an gama. Ga araha, ga ƙarko, ruwa ba ya ɓata ta. Ga Allan Robertson kuwa, wannan ba ƙwallo ba ce, wuƙa ce a wuyan sana'arsa. Ya tsane ta, ya hana yaransa ko taɓa ta.

Wata rana Tom yana wasa da wani ɗan kulob, ƙwallayensa suka ƙare, mutumin ya ba shi sabuwar ya ƙarasa da ita. Labari ya kai kunnen maigida. Aka yi cacar baki, aka raba gari, Tom ya bar shagon da ya shafe shekaru yana bauta wa. Ga shi da mata, ga iyali.

Tsaya ka yi tunani a nan, domin wannan wurin ya shafe ka. Allan ba mugu ba ne, mutum ne da ke tsoron abincinsa zai ƙare, kamar yadda masu wanke hoto suka ji lokacin da kyamara ta shigo waya. Amma in kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Tom ya buɗe nasa wurin yana haɗa sanduna da ƙwallaye, har da sabuwar. Ba a daɗe ba Allan da kansa ya sauko ya fara yin irin ƙwallon da ya kori yaronsa a kanta. Kuma arahar ƙwallon nan ce ta buɗe wa ƙananan ma'aikata ƙofar wasan, filaye suka yawaita, aka shiga neman wanda ya san aikin fili. Abin da ya sa aka kore shi, shi ya zama silar arzikinsa.

Prestwick da haihuwar gasar Open

A 1851 wani mai faɗa-a-ji da ake kira James Ogilvie Fairlie ya ja shi zuwa Prestwick, a gaɓar yamma ta Sikotland, inda aka kafa sabon kulob. Tom ya tsara musu fili mai ramuka 12, ya zama mai kula da shi, yana haɗa kayan wasa, yana koyarwa. A wannan shekarar ce aka haifa masa ɗa namiji da aka sa wa suna Tom, ana kiransa Tommy. Riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

Allan Robertson ya rasu a 1859, sai tambaya ta taso: yanzu wane ne gwani? Don a raba gardama, kulob ɗin Prestwick ya shirya gasa ranar 17 ga Oktoba, 1860. Mutum takwas kacal suka shiga, suka zagaya filin sau uku a yini ɗaya. Wannan 'yar gasar ita ce ta zama The Open, mafi tsufa cikin manyan gasannin golf huɗu na duniya, kuma ita ce uwar Senior Open da muka fara da ita. Kowa ya ɗauka Tom ne zai ci, tunda shi ya tsara filin. Ina! Willie Park na garin Musselburgh ya doke shi da bugu biyu.

Kyautar ma ba kofi ba ce, ɗamara ce ta jar fata mai adon azurfa, irin fatar da Turawa ke kira fatar Maroko. Abin da zai ba ka sha'awa, da yawa daga fatar da ake sayarwa a Turai da wannan suna a wancan zamani, fatar jar akuya ce da majeman Kano da Sakkwato suka jeme, fatake suka ƙetara Sahara da ita.

Tom bai yi zuciya ba. Ya dawo ya ci a 1861, ya sake ci a 1862, wannan karon da tazarar bugu 13. Tazarar nan ta yi shekara 138 babu wanda ya wuce ta a manyan gasanni, sai a 2000 da Tiger Woods ya ci gasar US Open da tazarar 15. A gasar Open kuwa har yau tana nan. Ya ƙara ci a 1864, inda ladan zakara ya kasance fam 6. Sannan ya ci na huɗu a 1867 yana da shekara 46. Har gobe shi ne mafi tsufa da ya taɓa cin gasar.

Kada ka ɗauka ba shi da rauni fa. An san shi da ɓarar da gajeren bugu idan ƙwallo ta zo dab da rami, har ɗan cikinsa yana tsokanarsa a kai. Abin da ya riƙe shi shi ne natsuwa. Ba ya rikicewa, ba ya faɗa da fili, ba ya faɗa da iska.

Baro, shebur da yashi

A 1864 babban kulob ɗin St Andrews, wato Royal and Ancient, ya nemi ya dawo gida ya kula da tsohon filin garin, a kan albashin fam 50 a shekara. Wanda ya bar garin a matsayin korarren yaron shago ya dawo an ɗanka masa filin da ya fi kowanne daraja. Amma kada ka hango ofis da kujera mai juyawa. Kayan aikinsa baro ne da shebur.

Filin da ya tarar ya ƙuntace, ƙaya ta cinye gefensa, dandalin ramukan duk sun farfashe. Ya sare ƙayar ya faɗaɗa hanyoyi, ya ƙara girman dandalin ramuka, ya yi sabon dandali ga rami na 1 da na 18. Ya ware wurin fara bugu daban, domin a da a gefen ramin da aka gama ake tsayawa a buga, ana tattake wurin. Babbar dabararsa kuwa ita ce barbaɗa yashi a kan ciyawa a kai a kai. Ya lura cewa yashi na cike ƙananan ramuka, yana sa ruwa ya tsotse, ciyawa ta fito lafiyayya mai laushi. An san shi da yawan umartar mataimakinsa ya ƙaro yashi. Yau duk wani filin golf na kirki a duniya ana yi masa wannan barbaɗen, da injina masu tsada, amma dabarar ta mai baro ce.

Ya riƙe wannan aiki kusan shekara 40. Ya buɗe shagonsa a gefen rami na 18. Mutum ne mai tsari, da sassafe yakan shiga ruwan tekun nan mai sanyin tsiya ya yi wanka, rani da hunturu. Ya kuma tsaya kai da fata a kan a bar filin ya huta ranar Lahadi. Har yau, in ba wata babbar gasa ake yi ba, ba a wasa a tsohon filin St Andrews ranar Lahadi. Mutanen gari ne ke fitowa da 'ya'yansu su sha iska a kansa, domin filin na jama'a ne.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe

Mu koma kan Tommy. Yaron ya tashi a fili, kuma tun yana ɗan shekara 13 ya fara doke manya. Salonsa ya bambanta da na uban, shi da zafi yake buga wasa, ba ya jin tsoron komai. A 1868, shekara ɗaya bayan uban ya ci yana da 46, ɗan ya karɓe ɗamarar yana da 17. Ka ji ikon Allah: mafi tsufa da mafi ƙuruciya a tarihin gasar, uba da ɗa, a jere. Duka tarihin biyu ba a karya su ba har yanzu.

Tommy ya sake ci a 1869 da 1870. Doka ta ce wanda ya ci sau uku a jere ɗamara ta zama tasa, don haka ya tafi da ita gida. A 1871 ba a yi gasar ba ma, tunda babu abin da za a bayar. Da aka dawo a 1872 ya sake ci, sau huɗu ke nan a jere, abin da babu wanda ya sake yi. Dalilinsa ne aka ƙera kofin azurfa mai kama da buta da ake ba zakara har yau. Shi ne kuma ya fara nuna wa masu kuɗin nan cewa ɗan wasa ba bara ba ne, yana da bakin faɗin farashinsa.

Sai ga watan Satumba na 1875. Uba da ɗa suna garin North Berwick suna karawa da Willie Park da ɗan uwansa Mungo, sai ga saƙon waya ya iso cewa matar Tommy, Margaret, tana naƙuda kuma ta jigata. Aka ba su aron jirgin ruwa don su yanke hanya ta teku. Kafin su isa, ita da jaririn duk sun rasu. Tommy bai sake komawa daidai ba. Ranar 25 ga Disamba na wannan shekara aka tarar da shi ya rasu a kan gadonsa, yana da shekara 24. Mutane sun ce baƙin ciki ne ya kashe shi, likitoci kuma suka ce jini ne ya ɓalle masa a huhu.

Allah sarki. Shekara ba ta zagayo sosai ba matar Tsoho Tom ita ma ta rasu, a 1876. Dama ɗansu na fari ya rasu tun yana ƙarami. Sauran ukun, maza biyu da mace ɗaya, su ma ɗaya bayan ɗaya suka riga shi. Mutumin nan sai da ya raka matarsa da dukan 'ya'yansa makabarta. Da wani ne da ya ajiye shebur ya shige ɗaki. Shi kuwa gari na wayewa yana fili.

Mai tsara filaye a kan fam ɗaya

Yawancin aikin da ya sa sunansa ya ɗore ma bayan wannan rashin ya yi shi. Wasan na bazuwa, ko'ina ana son fili, sai a aiko a kira shi. Ya hau jirgin ƙasa, ya hau na ruwa, ya hau keken doki. Ladansa fam ɗaya ne a yini, sai kuɗin hanya. Babu katafila, babu kwamfuta. Zai zagaya jigawar da ƙafa, ya dubi yadda ƙasa ta kwanta da inda iska ke fitowa, ya kafa turaku: a fara bugu a nan, a haƙa rami a can. Bai cika tilasta wa ƙasa ba, abin da ta ba shi da shi yake aiki. Ana lissafa kusan filaye 75 da ya tsara ko ya gyara.

Duba jerin ka gani. Royal County Down a Arewacin Ailan, wanda aka kira shi a 1889 a kan kuɗin da bai wuce fam 4 ba, shi ya karɓi Senior Open daga 2000 zuwa 2002. Muirfield da ya tsara a 1891, a nan Tom Watson ya ci gasar a 2007. Carnoustie da ya faɗaɗa, a nan Langer ya ci a 2010, K.J. Choi na Koriya ta Kudu ya ci a 2024. St Andrews kanta ta karɓi gasar a 2018, Miguel Ángel Jiménez na Sifaniya ya ɗauka. Gaskiya ne wasu masu tsara filaye sun zo daga baya sun sauya abubuwa da yawa a waɗannan wurare, amma shi ya fara nuna inda za a kafa turke.

Ya kuma yaye yara. Ɗaya daga cikinsu, Donald Ross, ya koyi aiki a wurinsa, ya tafi Amurka a 1899, ya tsara filaye kusan 400, ciki har da Pinehurst mai lamba 2 inda aka yi gasar US Open ta 2024. Wanda maigidansa ya kora saboda sabon abu, shi bai rufe wa nasa yaran hanya ba.

Duk da haka bai daina wasa ba. Ya ci gaba da shiga gasar Open har ya haura shekara 70, da farin gemunsa da lofe a baki, yana karawa da sa'o'in jikokinsa. A zamaninsa babu gasar dattawa, shi kaɗai ne gasar dattawan.

Ya ajiye aiki a 1903, shekarar da Turawan mulkin mallaka suka ci Kano. Kulob ɗin da irinsa ba sa shiga zaurensa ya sa aka zana hotonsa aka rataye a ciki. Ranar 24 ga Mayu, 1908, ya faɗo daga matakala a wani kulob na garin da ake kira New Golf Club, ya rasu saura 'yan makonni ya cika 87. An binne shi a makabartar tsohuwar majami'ar St Andrews, kusa da Tommy. Rami na 18 a tsohon filin, inda ake kammala gasa, sunansa yake ɗauke da shi.

To mu ina ruwanmu?

A 2009 saura ƙiris a karya tarihinsa. Tom Watson, yana da shekara 59, ya zo rami na ƙarshe a gasar Open a Turnberry yana kan gaba. Bugu ɗaya na kimanin mita biyu da rabi ya rage masa. Ya ɓarar, irin ɓarin da aka san Tsoho Tom da shi, Stewart Cink ya doke shi a wasan raba gardama. Tarihin 1867 ya tsira, ya haura shekara 150 ke nan.

Amma ni ba tarihin ne ya fi tsaya mini a rai ba. Mu matasan yanzu muna auna kanmu da agogon waya. Ka ga sa'anka ya saka hoton mota, sai ka ji kamar kai taka ta ƙare kana shekara 24. Ke ma 'yar uwa haka, kin ga wata ta tara mabiya dubu ɗari, sai ki raina ɗinkin da kike koyo. Tom yana da shekara 30 ya bar garinsu neman abinci bayan an kore shi. Yana da 40 ya ci gasarsa ta farko. Yana da 70 ya tsara Muirfield. Da ya yanke wa kansa hukunci a 25, da ba ka karanta sunansa yau ba.

Sannan ka dubi abin da ya rage daga gare shi. Ɗamarar da ya ci sau huɗu tana ajiye ana kallo. Aikin baro da yashi kuwa, wanda a lokacin ake gani aikin lebura ne, shi ake takawa kullum, shi ake koyarwa a makarantu. Mu ma muna da filayen golf, a Kano da Kaduna da Rayfield ta Jos da Abuja da Ikoyi ta Legas, kuma a kowanne akwai yaran da ke ɗaukar wa manya sanduna, da masu yanke ciyawa da ban ruwa waɗanda ba wanda ke tambayar sunansu. Daga irin wannan layin Tom ya fito. Haka yaron da ke koyon gyaran waya a Farm Centre, da wanda ke ban ruwan tumatir a bakin madatsar Challawa, da wanda maigidansa ya sallama jiya saboda ya kawo shawarar da ba a so ji ba.

Ban ce kowa zai zama Tsoho Tom ba. Abin da rayuwarsa ta nuna shi ne, sana'a tana biyan wanda ya daɗe a cikinta yana lura, ya karɓi sabon abu idan ya zo, ya kuma fito aiki ko a ranar da zuciyarsa ta yi nauyi. Sannu ba ta hana zuwa.

Idan watan Yuli ya zagayo ka ci karo da bidiyon wasu dattawa masu furfura suna fama da iska a bakin teku, kada ka yi saurin turawa gaba. Kalli bugun, sannan ka sauke ido ka kalli ƙasar da suke takawa. Akwai ɗan masaƙin da ya tura baro a kanta shekara 40.